Kimiyyar Haɗa Mangwaro da Madara Mai Sanyi a Gida

Gabatarwa

Daga watan Maris zuwa na Mayu zafin bazara yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi. A daidai wannan lokaci ne kuma mangwaro ke cika kasuwa har ya yi araha. Saboda haka a gidaje da yawa akan markaɗa shi da madara ko kindirmo, a sa ƙanƙara, a sha don kashe ƙishirwa. Haɗin yana da sauƙi, amma ba kullum yake fitowa yadda ake so ba. Wani lokaci madarar ta tsinke ta yi gudaji, wani lokaci a ji ɗaci, wani lokaci kuma abin ya yi daɗi a baki, amma washegari yara su tashi da gudawa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowace ɗaya daga cikin matsalolin nan tana da dalili, kuma ɗalibin da ya san dalilin zai iya kauce mata.

Abin da madara ta ƙunsa

Madarar shanu kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Ragowar kuwa maiƙo ne, wajen kashi 4, da furotin, kashi 3 da 'yan kai, da wani sukari mai suna laktos, kusan kashi 5, sai gishirin gina ƙashi irin su kalsiyam. Maiƙon yana yawo ne a cikin ruwan a matsayin 'yan mitsi-mitsin ɗigo, kuma shi ne ke lulluɓe harshe har a ji santsi da gardi. Don haka madarar da aka cire wa maiƙo ba ta ba da abin sha mai kauri.

Kashi huɗu cikin biyar na furotin ɗin madara wani nau'i ne da ake kira kesin. Shi kesin yana zaune ne a dunƙule-dunƙule waɗanda ido ba ya gani, kuma dukansu suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka suna ture juna, ba sa haɗuwa. Muddin suna a warwatse, madara tana nan sumul. Duk abin da ya karya wannan tsari zai sa su manne da juna su zama gudaji, ruwan kuma ya ware gefe.

Tsami da ɗaci

Abu na farko da ke karya tsarin shi ne tsami. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Tsakiyarsa 7 ne, kuma gwargwadon yadda lamba ta yi ƙasa da 7, gwargwadon ƙarfin tsamin ke nan. Sabuwar madara tana wajen 6.7. Idan aka zuba mata abu mai tsami har ta sauka zuwa 4.6, cajin da ke jikin kesin yakan gushe, sai ya dunƙule. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 3, shi ya sa yake tsinka madara nan take. Nunanniyar ayaba da kankana tsaminsu kaɗan ne, ba sa yi mata illa. Mangwaro kuwa ya danganta da nunarsa: ɗanye yana da tsami ƙwarai, amma wanda ya nuna luguf yana tafiya da madara lafiya lau.

A nan ne kindirmo ya fi madara. A cikinsa bakteriya masu amfani sun riga sun mayar da wani ɓangare na laktos zuwa tsami sannu a hankali, kesin ɗin ya daskare cikin laushi, kuma da an dama shi sai ya koma sumul. Ƙarin tsamin 'ya'yan itace ba ya ɓata shi kamar yadda yake ɓata madara. Har ila yau, manya da yawa hanjinsu ba ya iya narkar da laktos, idan sun sha madara sai cikinsu ya kumbura. Irin waɗannan sun fi jure kindirmo.

Abu na biyu shi ne enzayim, wato sinadaran da halittu ke samarwa don hanzarta wani aiki a jikinsu. Abarba tana da enzayim mai suna buromelin, gwanda kuma tana da fafayin, musamman a cikin farin ƙaron da ke fita daga ɗanyarta. Aikin su biyun shi ne daddatsa furotin. Wannan ne dalilin da ya sa ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda don ya yi laushi, kuma buromelin yana cikin abin da ke sa harshe raɗaɗi bayan an sha abarba da yawa. Idan suka haɗu da madara sai su datse kesin, ta yi gudaji, kuma wasu daga cikin guntayen furotin ɗin suna da ɗaci. Sanyi yana rage saurin wannan aiki, amma zafi ne kaɗai ke kashe shi. Wanda ke son abarba a haɗinsa sai ya tafasa ta na minti 5 ya bari ta huce, ko kuma a sha da zarar an markaɗa. Fulani sun daɗe da sanin amfanin irin wannan enzayim, domin da ruwan tumfafiya suke daskarar da madara su yi cukun da ake kira wagashi a Benin da Gana.

Ayaba kuma tata matsalar launi ce. Idan aka markaɗa ta, ƙwayoyin halittarta sukan fashe, wani enzayim ya haɗu da iskar oksijin, sai launin ya koma ruwan ƙasa. 'Yan ɗigon lemun tsami suna jinkirta haka, amma a haɗin kindirmo kawai ya kamata a sa su.

Sanyi da kauri

Ƙanƙara tana sanyaya abin sha ne ta hanyar narkewa. Kowane giram ɗaya nata yana zuƙe kalori 80 na zafi kafin ya zama ruwa, wato daidai da zafin da zai ɗaga giram ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. Sai dai duk ƙanƙarar da ta narke ruwa ce ta ƙaru, saboda haka haɗin yakan tsinke ya yi lami. Dabarar ita ce a yayyanka mangwaro da ayaba a sa a firiza su daskare, a bar su su zama ƙanƙarar da kansu. Sukarin da ke cikinsu yana hana ruwansu daskarewa gaba ɗaya, kuma ƙanana-ƙananan yanka suna daskarewa da sauri, ƙwayoyin ƙanƙarar su fito ƙanana, ba a jin su kamar yashi a baki. Ita ayaba, yayin da take nuna, sitacin da ya kai kashi 20 cikin 100 na ɗanyarta yakan koma sukari, wani sinadari mai yauƙi da ake kira fektin kuma ya saki. Su ne ke ba haɗin zaƙi da kauri.

Na'urar markaɗe ta lantarki, wato bilenda, wadda Stephen Poplawski ya ƙirƙiro a Amurka a 1922, tana ƙara cusa iska a ciki har ya yi kumfa. Inda babu ita, sai a matse nunannen mangwaro a rariya, a burga da maburgi.

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci. Madara da sukari da ruwan 'ya'yan itace abinci ne ga mutum, haka kuma abinci ne ga bakteriya. Idan ta sami ɗumi da abinci, ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu a duk minti 20. Ɗalibi ya yi lissafi da kansa: cikin awa 7 ƙwayar nan ta zama fiye da miliyan 2. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma zafin ɗaki a bazara yana tsakiyar wannan zango.

Sanyi yana sa su barci ne kawai. Ƙwayar cutar taifot tana iya yin makonni a cikin ƙanƙara da ranta, da ta narke kuma sai ta farka. A 1994 an ƙiyasta cewa mutum 224,000 sun kamu da cutar salmonela a Amurka daga askirim ɗin kamfani guda, domin an ɗauko kayan haɗinsa a tankokin da aka yi dakon ɗanyen ƙwai a cikinsu. Daskarewa ba ta tsare kowa ba. Ke nan ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa, gurɓataccen ruwa ce, komai haskenta.

Ɗanyar madara ma tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar burusela, wadda ke sa shanu ɓari, mutane kuma zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Maganinsu zafi ne. Hanyar da ta samo suna daga Louis Pasteur na Faransa ita ce a ɗumama madara zuwa digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida, inda babu ma'aunin zafi, a tafasa ta kawai. Kindirmo ma wanda aka yi da tafasasshiyar madara ake nema.

Yadda ake haɗawa

Don kofi huɗu ana bukatar manyan nunannun mangwaro 2, da ayaba 1, da rabin lita na kindirmo ko tafasasshiyar madara mai sanyi.

1. A wanke hannu da sabulu, a wanke 'ya'yan itacen da ruwa mai tsabta kafin a fere, don kada wuƙa ta kai dattin ɓawo cikin tsoka.
2. A yanka ƙanana, a sa a firiza na awa 3 zuwa 4.
3. A zuba kindirmon a bilenda tukuna, sannan 'ya'yan itacen, a markaɗa na minti ɗaya.
4. A ɗanɗana kafin a sa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kimanin cokalin shayi 12 ga baligi.
5. A sha nan take. Abin da ya yi awa 2 a waje a zubar da shi, musamman idan wuta ta ɗauke.

Inda babu firiji sai ƙanƙarar kasuwa, kada a jefa ta ciki. A zuba haɗin a ƙaramin kwano mai murfi, a dasa shi cikin babban kwano, a kewaye shi da dakakkiyar ƙanƙara kashi uku da gishiri kashi ɗaya, a riƙa juyawa. Gishiri yana iya saukar da sanyin ƙanƙara har zuwa digiri 21 ƙasa da sifiri. Da wannan dabara na'urar askirim ta hannu da Nancy Johnson ta yi wa rajista a 1843 take aiki. An sami sanyin, ruwan ƙanƙarar kuma bai taɓa abin sha ba.

Gwaji don aji

Gani ya kori ji. Malami ya samo kofuna huɗu masu tsabta, ya zuba mililita 50 na tafasasshiyar madara mai ɗumi a kowanne. A bar na farko haka nan. A sa cokalin shayi ɗaya na ruwan lemun tsami a na biyu, na ɗanyar abarba a na uku, na tafasasshiyar abarba a na huɗu. Ɗalibai su riƙa dubawa duk minti 5 har rabin awa, suna rubuta abin da suka gani. Sannan su amsa: wane kofi ne ya fara yin gudaji? Me ya bambanta na uku da na huɗu, alhali abarba ɗaya ce? Mene ne amfanin kofin farko?

Kammalawa

Mangwaro da gwanda suna ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido, kuma hanji ya fi tsotse shi idan akwai maiƙo tare da shi. Don haka haɗa su da madara abinci ne na ƙwarai ga yara masu tasowa, a lokacin da 'ya'yan itace ke ruɓewa a kasuwa saboda yawa. Sharaɗin dai shi ne a tafasa madara, a tabbatar da tsabtar ruwan ƙanƙara, kuma kada a ajiye saura. Rigakafi ya fi magani.