Hukuncin Cinikin Akwatin Talabijin A Cikin Kwalinsa

 

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani ciniki da ya zama ruwan dare, watau sayen akwatin talabijin na zamani mai tsabtar hoto, tare da lasifikoki da sauran kayan da ke binsa. Tun sa'ad da aka buɗe gidan talabijin na farko a Badun cikin 1959, aka kuma buɗe na Kaduna cikin 1962, akwatin nan yake ta canza kama, har ya tashi daga mai ƙaton ƙeya ya koma falle kamar allo, ana rataye shi a bango. Magana a kan abin da ya halatta a kalla da wanda bai halatta ba tana da nata fili. Yau cinikin kansa za mu duba, domin magidanci yakan zuba albashin watanni a kan abin da ke cikin kwali a rufe, bai ga cikinsa ba, bai kuma san ma'anar rubutun da ke bayansa ba.

SAYEN ABIN DA BA A GANI BA

Ɗaya daga cikin sharuɗɗan ingancin ciniki shi ne mai saye da mai sayarwa su san abin da ake sayarwa, su kuma san kuɗinsa. Cinikin da aka gina bisa jahilci shi ne malamai ke kira garari, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi. To, yaya ke nan hukuncin akwatin da mai kanti ya ce ba zai yage kwalinsa ba sai an biya?

Malaman mazhabar Malikiyya sun riga sun warware wannan tun da daɗewa. A zamaninsu fatake sukan zo da dilar tufafi a ɗaure, tare da takardar da aka rubuta yawan tufafin da irinsu da tsawonsu. Sunan takardar nan barnamaj. Imamu Malik ya yi babi a kanta cikin Muwaɗɗa, haka kuma Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya ambace ta cikin Risala, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Sun halatta sayen dila bisa abin da takardar ta siffanta, saboda kwance kowace dila wahala ce da ɓata kaya. Amma fa da sharaɗi: in an kwance aka tarar kaya sun dace da siffa, ciniki ya lizimci mai saye, in sun saɓa, yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa.

Rubutun bayan kwalin talabijin shi ne barnamaj na wannan zamani. Saboda haka kowane adadi da ke jikinsa alkawari ne, kuma yana cikin ƙullin ciniki. Amma mutum ba ya neman hakkin da bai san yana da shi ba, don haka ya zama dole mai saye ya iya karanta wannan rubutu.

MA'ANAR RUBUTUN KWALI

Na farko, girma. In an ce inci 32 ko 43 ko 55, awon daga kusurwa ne zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a karkace, kuma gilashin kaɗai ake aunawa ban da bakinsa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, saboda haka inci 32 ya kama santimita 81, inci 55 kuwa kusan santimita 140. Wanda ya je kasuwa da tef na tela a aljihu ya huta da gardama.

Na biyu, tsabtar hoto. Hoton talabijin ɗige-ɗige ne na haske da aka jera a layi-layi, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon fitowar hoto sarai. Akwatin da aka rubuta wa HD ko HD Ready yawanci yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, watau miliyan ɗaya da 'yan kai. Wanda aka rubuta wa Full HD yana da 1920 da 1080, watau miliyan biyu da ɗoriya. Mai 4K kuwa yana da 3840 da 2160, watau ya haura miliyan takwas, ninki huɗu ke nan na Full HD. A nan ne wasu ke shigar da dabara. Akwai akwatin da ke iya karɓar shirin 4K amma gilashinsa bai wuce Full HD ba, sai ya rage hoton kafin ya nuna. In mai sayarwa ya san haka, ya bar mai saye yana zaton ainihin 4K ya saya, to ya yi algus ko da bai furta ƙarya da bakinsa ba.

Na uku, irin gilashi. Abin da ake kira LED gilashin LCD ne wanda aka jera wa ƙananan fitilu a baya ko a gefe. QLED ma daga wannan dangi yake, sai dai an ƙara masa wani shafi mai inganta launi. OLED kuwa dabam ne, domin kowane ɗigo nasa shi ke ba da haskensa, shi ya sa baƙinsa ya fi duhu, kuɗinsa kuma ya fi yawa. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyun nan, amma tazarar kuɗinsu mai nisa ce.

Na huɗu, ƙarfin lasifika. Sau da yawa akan ga an rubuta wat dubbai da manyan haruffa, a gefe an sa PMPO. Wannan awo ne na ƙarar da na'ura za ta iya yi cikin ƙiftawar ido, kuma babu wata tsayayyar ƙa'ida da masana'antu ke bi wajen fitar da shi. Awon da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda aka rubuta wa RMS, kuma kullum ya fi wancan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. In kuma an rubuta 5.1, ana nufin lasifika biyar da ta shida mai fitar da kauri, sai a ƙirga su kafin a bar kanti.

AIBI DA ZAƁI

Ya zo cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin hatsi a kasuwa, ya tura hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya nuna masa cewa kamata ya yi ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nisanta mai algus daga tafarkinsa. Jiƙaƙƙen hatsi na wannan kasuwa shi ne akwatin da aka gyara aka mayar cikin sabon kwali, da wanda aka manna wa sunan wani kamfani alhali ba shi ya ƙera ba, da na hannu wanda aka san yana ɗaukewa in ya yi zafi. Sayar da na hannu halal ne, muddin an faɗi cewa na hannu ne, an kuma bayyana ciwonsa.

Wanda ya tarar da aibi yana da zaɓi, ko ya riƙe kayan a yadda suke ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, bisa sharuɗɗa uku: aibin ya kasance tun kafin ciniki, bai san da shi ba sa'ad da ya saya, kuma bai nuna yarda ba bayan ya gano. Wanda ya ga layi ya tsaga hoto ya yi shiru, ya ci gaba da kallo wata da watanni, ya raunana hujjarsa da kansa. Rubutun nan na ƙasan rasit mai cewa ba a mayar da kayan da aka saya ba ya kare mai kanti, a mazhabarmu, daga aibin da ya sani ya ɓoye.

Sai dai adalci hanya biyu ne. In wuta ta zo da ƙarfi a gidanka ta ƙone akwatin, ko yaro ya jefe gilashin, wannan ba aibin ciniki ba ne. Wanda ya mayar da shi kanti ya rantse cewa haka ya same shi, ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ƙarya. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a ƙa'ida, amma takan hau takan sauka, saboda haka kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin talabijin ga mai lissafi.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A wurin Imamu Malik, ciniki yana ƙulluwa da zarar an yi magana, ko da ba a tashi daga wurin ba. In ka taya, mai kaya ya ce ya sallama, to an gama, nadama kawai ba ta warware shi. Wanda ke son ya gwada a gida sai ya sharɗanta zaɓi na ɗan lokaci sananne tun kafin sallama, kamar kwana biyu ko uku. Malamanmu sun hana a wajabta biyan kuɗi cikin irin wannan ciniki, domin kuɗin zai zama ba a san matsayinsa ba, ko bashi ne ko farashi. Amma in mai saye ya bayar don ra'in kansa babu laifi. Mafi sauƙi dai shi ne a buɗe kwali a kanti bayan an daidaita, a kunna, a duba farin hoto da baƙi don ganin ko akwai mataccen ɗigo, a gwada kowace ƙofar HDMI da rimot, sa'an nan a rubuta lambar akwatin da tsawon garanti a kan rasit. Garanti alkawari ne, cika shi wajibi ne a kan wanda ya ɗauka.

BIYA KAƊAN-KAƊAN

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na shida a Jidda cikin 1990, ta yanke cewa ya halatta kuɗin ajali ya fi na lakadan. A misali, mai kanti ya ce lakadan naira 300,000, a wata shida kuwa naira 360,000. Wannan ya halatta in an tsaya a kan ɗaya kafin a rabu. In aka rabu ba a ayyana wanne aka ɗauka ba, ciniki ya ɓaci saboda jahiltar farashi. Da zarar kuma an ƙulla, kuɗin ya zama bashi tsayayye, ba a ƙara masa ko kwabo saboda jinkiri, domin wannan ƙari shi ne kuɗin ruwa da Alƙur'ani ya haramta. Haka nan wanda ya ranto kuɗi daga manhajar waya da sharaɗin zai mayar da ƙari, don ya sayi talabijin, ya faɗa cikin haramun a kan abin da ba lalura ba. Shi kuma mai hali da ke jan ƙafa wajen biya, zalunci yake yi. A rubuta adadi da ranaku a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur'ani, ta koyar.

GWARGWADON BUKATA

Ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i sun yi kakkausan gargaɗi a kan almubazzaranci, kuma biyan kuɗin abin da ba za ka amfana da shi ba yana cikinsa. Idon mai lafiya da ke zaune mita uku daga akwati mai inci 43 da ƙyar zai bambanta Full HD da 4K. Kuma akwati ba ya ƙirƙiro tsabtar da ba a aiko masa ba: in dikodarka ba mai HD ba ce, babban gilashi sai dai ya faɗaɗa dishi-dishin hoton. Kallon 4K ta intanet kuwa yana iya cinye gigabait 7 cikin awa ɗaya. Mai sola ko ƙaramin janareta ya duba adadin wat da ke manne a bayan akwatin tukuna. Ciyar da iyali da kuɗin makaranta da biyan bashi wajibai ne, talabijin kuwa iyakarsa halal, ba a kuwa gabatar da halal a kan wajibi.

Lasifika ma tana da hakkin da ke binta. Kaurin sauti yana ratsa bango fiye da sirinsa, a bayan bangon nan kuwa akwai mara lafiya da jariri da mai sallar dare. Ka mallaki na'ura da kuɗinka, amma ba ka mallaki kunnen maƙwabcinka ba.

Game da zakka, akwatin da aka saya don amfanin gida babu zakka a kansa komai tsadarsa. Wanda ke cikin kanti don sayarwa kuwa hajar kasuwanci ce, ana yi mata ƙima a haɗa da sauran jari in shekara ta zagayo.

Muna kira ga 'yan kasuwa su riƙa fassara wa mai saye abin da ke jikin kwali da gaskiya, musamman wanda bai yi karatun boko ba, domin amanarsa tana wuyansu. Masu saye kuma su nemi sani kafin su kwance bakin aljihu. Allah ne mafi sani. Allah ya tsarkake mana dukiyoyinmu, ya sa albarka a cikin cinikinmu.