Me Ya Sa Kogin Haɗeja Ya Nufi Gabas?

Tambaya: Malam, a makaranta an ce mana koguna teku suke nufa. Teku kuwa yana kudu da mu, amma kogin Haɗeja ya ba shi baya ya yi gabas. Me ke jan sa can? Daga wani ɗalibin sakandare a Haɗeja.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ba ka sani ba, ka taɓo fiziks, wato ilimin da ke binciken yadda abubuwa ke motsi da abin da ke motsa su.

Ruwa bai san kudu ba, bai san gabas ba, gangare kaɗai ya sani. Birnin Kano yana kan tudu kimanin mita 480 sama da teku, Tafkin Chadi kuwa kimanin mita 280. Shi ya sa kogin Kano da na Calawa suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya haɗu da na Jama'are kusa da Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, su zube a tafkin. Malaminku bai yi kuskure ba, yawancin koguna a teku suke ƙarewa. Namu dai yana cikin wata ƙatuwar kwatarniyar ƙasa ce wadda ba ta da mafita.

Abin da ke gangarar da shi ana ce masa ƙarfin jan ƙasa. Kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, duniya kuwa da yake ita ce babba, ita ke rinjaye. Isaac Newton na Ingila ne ya rubuta lissafinsa a 1687. Mutane da yawa na ɗauka maganaɗisu ne a cikin ƙasa, amma gwada da kanka: kusanta mayen ƙarfe da ruwa, ko itace, ko hatsi, ba wanda zai biyo shi, alhali duk suna faɗuwa in an sake su. Wannan ɗan gwajin shi ne hanyar kimiyya: ka yi zato, ka jarraba, in bai tabbata ba ka ajiye shi. Ibn al-Haisam, mutumin Basra, haka ya yi kimanin shekara dubu da suka wuce. Ya ce zai iya sarrafa ambaliyar kogin Nilu, Halifa al-Hakim ya gayyato shi Masar, da ya je wajen Aswan ya duba da idonsa sai ya janye maganarsa. A ganina wannan janyewar ta fi alkawarin daraja.

Masana sun ƙidaya nau'o'in ƙarfi na asali guda huɗu, kuma duk suna aiki a fadamarku. Na farko shi ne jan ƙasar nan, na biyu shi ne na lantarki da maganaɗisu. Kada ka tsaya ga wutar gida, shi ne ke riƙe ƙwayoyin zarra da juna, shi ne kuma tushen gogayya. Daga Haɗeja zuwa Nguru ƙasar kusan shimfiɗaɗɗiya ce, jan gangaren ba shi da yawa, sai ga ciyawar kacala ta cika hanyoyin ruwa tana goga shi tana rage masa gudu. Yashi ya kwanta, hanya ta toshe, ruwa ya fantsama gonaki da gidaje kamar yadda aka gani a daminar 2022. Ita kacalar ta samu wurin zama ne bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun sa ruwa na kwanciya har da rani.

Sauran biyun a cikin ƙwayar zarra suke, ana ce musu mai ƙarfi da mai rauni. Can cikin rana mai raunin ke sauya wata ƙwaya ta koma wata, mai ƙarfin ya ɗaure su, zafi ya fito. Zafin ne ke ɗaga ruwan teku ya zama girgije, iskar damina ta koro shi arewa ya sauka a ƙasar Kano.

In kana son auna gangaren gonarku, ari tiyon da magina ke daidaita gini da shi, ka cika shi da ruwa, kai da abokinka kowa ya riƙe baki ɗaya. Ruwan zai tsaya daidai a ɓangarorin biyu, sai ku auna tsayinsa daga ƙasa ku ga bambancin.