Mota ta sha ruwa

Wata rana da damina, wata tsohuwar Peugeot 404 ta taso daga Tasawa za ta Maradi. Cikin fasinja har da wata tsohuwa marar lafiya.

Bayan Gazawa, motar ta ratsa ruwa kwance bisa hanya. Nan da nan inji ya fara tari, mota tana fizga.

Yaron mota ya ce: «Maigida, ko mai ya ƙare?»

Direba ya ce: «A'a, tanki cike yake. Kafin mu shiga ruwa lafiya lau take tafiya. Mu duba wuta.»

Ya kashe inji, ya buɗe gaban mota. Wayoyin buji 4 duk sun jiƙe. Ya cire murfin delko, ya iske lema a ciki.

Delko ne ke raba wuta ga buji, buji kuma ya kunna mai. Idan akwai lema, sai wutar ta bi ta, ta zurare, ba ta kai buji ba.

Direba ya goge kome da busasshen ƙyalle, ya mai da kowace waya gurbinta. Inji ya tashi sumul. Kafin magariba tsohuwa tana gaban likita.

Tambayoyi
1. Mi ya sa direba bai zargi mai ba?
2. Mine ne aikin delko?