Yadda Ake Yi Wa Batirin Litiyam Caji A Motar Kwana

A cikin shirinmu na ilmin kimiyya na wannan mako za mu yi magana ne a kan batir, da yadda ake ɗura masa wuta ba tare da an kashe shi ko an jawo gobara ba.

A nan Ingila, da sauran ƙasashen Turai da Amurka, akwai wata irin mota da za mu kira motar kwana. Mota ce irin ta ɗaukar kaya, aka gyara cikinta, aka sa gado da murhu da firiji da fitilu da famfon ruwa. In lokacin zafi ya zo mutum ya sami hutu, sai ya kwashi iyalinsa su kama hanya, inda rana ta faɗi nan ne masauki. Irin wannan mota batir biyu gare ta. Ɗaya na tada inji ne, kamar na kowace mota. Na biyun shi ne batirin gida, watau wanda ke ba fitilu da firiji wuta bayan an kashe inji. An raba su ne domin kada firiji ya kwana yana sha, gari ya waye mota ta ƙi tashi.

A da, duka biyun na darma ne, irin wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago a 1859. Yanzu kuwa mutane da yawa sun mai da batirin gida na litiyam. Shi litiyam wani ƙarfe ne da aka gano a ƙasar Suwidin a 1817, kuma babu ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da batirinsa mai karɓar caji a 1991. Irin wanda ake sa wa motar kwana kuwa, wanda aka haɗa litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, ya fito ne daga binciken Farfesa John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas, shi ne kuma ɗaya daga cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 2019 saboda aikin batir. Nauyin wannan batir bai kai rabin na darma ba. Na darma in an sha fiye da rabin wutarsa kullum, ba ya daɗewa; na litiyam kuwa ana iya shan kashi 80 cikin 100, a sake cika shi, har sau dubbai.

To, ina wahalar take? Kafin mu amsa, sai mu kwatanta wutar lantarki da ruwa. Abin da ake kira bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya kuwa yawan ruwan da ke wucewa. Batirin darma kamar tulu ne mai ƙaramin baki: in ya fara cika, da kansa yake rage sha. Na litiyam kuwa randa ce mai faɗin baki, duk abin da aka kwarara masa zai haɗiye, ba ya cewa ya isa sai ya kusa cika. Saboda haka linzamin da na darma yake da shi a jikinsa, shi na litiyam tilas a ɗaura masa daga waje.

Hanya uku wuta ke zuwa wa batirin gida. Ta farko ita ce dainamon mota, wanda makanikai ke kira altaneta, wanda fambel ke juyawa. In aka jona batirin litiyam da shi kai tsaye, zai yi ta jan wuta iyakar abin da dainamon zai iya bayarwa. Shi kuwa dainamo ba a ƙera shi domin ya yi awa da awa yana aiki iyakar ƙarfinsa ba. Abin ya fi muni in mota tana tsaye inji yana juyawa a hankali, gama fankar da ke sanyaya dainamon ita ma a hankali take juyawa. Sai zafi ya taru, wayoyin ciki su ƙone. Maganin wannan shi ne a sa wata 'yar na'urar caji tsakanin batirin inji da batirin gida, mai ƙayyade abin da zai wuce. Ga misali: batir mai ɗaukar amfiya 100 na awa guda, an sha 80 daga ciki. In na'urar tana barin amfiya 30 su wuce, tafiyar kimanin awa biyu da minti arba'in za ta mayar da abin da aka sha. Sannu ba ta hana zuwa.

Hanya ta biyu ita ce wutar gari, wadda ake samu a zangon da aka keɓe wa irin waɗannan motoci. A Ingila ƙarfinta bolt 230 ne, sai caja ta sauko da ita. A nan sai a lura ƙwarai da irin cajar. Batirin litiyam ɗakuna huɗu ne a jere, kowanne bolt 3.2, jimla 12.8, kuma ba a wuce bolt 14.6 wajen cika shi. Waɗansu cajojin batirin darma kuwa sukan hau sama da bolt 15 lokaci lokaci, domin su gyara darmar. Abin da yake magani ga wannan, guba ne ga wancan. Har wa yau, batirin darma yana son ya zauna a cike kullum, amma na litiyam in za a ajiye mota watanni, gara a bar shi wajen rabi.

Hanya ta uku ita ce farantin sola da ake shimfiɗawa bisa rufin mota. Shi ma ba a jona shi kai tsaye, sai ta cikin na'urarsa, wadda aka saita don litiyam. Amma ku tuna, a London yini yakan wuce awa 16 a watan Yuni, a Disamba kuwa bai cika awa 8 ba, ga rana can ƙasa, ga hadari. Wanda ya dogara ga sola kaɗai a lokacin sanyi zai kwana cikin duhu.

Maganar sanyi ta kawo mu ga doka mafi girma. Ba a yi wa wannan batir caji in sanyinsa ya kai na daskarewar ruwa, watau digiri 0. Dalili kuwa shi ne, in ana caji, ƙwayoyin litiyam suna ƙaura ne daga gefe guda su shige cikin wani irin baƙin gawayi da ke ɗaya gefen. Sanyi yana sa shigar ta yi nawa, sai su taru a bakin ƙofa su zama ƙarfe. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa, kuma ƙarfen yana iya tsirowa ya huda shingen da ke tsakanin gefen biyu, wuta ta haɗu. Abin mamaki, shan wuta daga batirin cikin irin wannan sanyi ba laifi, ɗurawar ce haɗari. Don haka ake ajiye shi cikin mota inda akwai ɗumi, waɗansu ma da abin ɗumamawa a jikinsu ake sayar da su. Masu sauraronmu na Sudan da Cadi da Saudiyya waɗanda suke da irin wannan batir a solar gidajensu, tasu damuwar zafi ce: caji cikin zafin da ya wuce digiri 45 yana rage masa kwana, sai a nema masa inuwa da iska.

Batiran kirki suna da mai gadi a ciki, wata na'ura wadda ke yanke wuta in turi ya yi yawa, ko batirin ya kusa ƙarewa. Waɗansu kuma har da sanyi suke lura. Mai saye ya tambaya ya tabbata. Amma kada a mai da mai gadin nan madogarar kullum, don ranar hatsari aka sa shi. Sa'an nan lalle a sa waya mai kauri, da fiyus dab da batirin, gama batir mai saurin haɗiya mai saurin amayarwa ne. In wayoyi biyu suka haɗu, nan take za su yi ja wur. Wanda bai san aikin ba ya nemi gwani, domin rigakafi ya fi magani.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.