Ku Bari Ido da Hannu Su Koyar

Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, idan aikin rukuni ya kai ku ƙauyukan Kusada, kada ku dogara ga dogon jawabi. Gani ya kori ji.

Ɗayanku ya narkar da fakitin ORS a lita 1 ta tsaftataccen ruwa, iyaye mata su ɗanɗana. Wata ta ba su ma'aunin damtsen yaro su auna da kansu, su gane cewa ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani ce.

Ku zauna kan tabarma tare da su. Kafin fita, ku tsayar da isharar karɓar magana tsakaninku. Don kurame kuma, ku tafi da wanda ya iya maganar hannu.