Ƙaramar Jif Ba Akori-kura Ba Ce: Shawara Ga Mai Iyali

Magidanci yakan gaji da jin cikin Corolla ɗinsa yana gurzar ƙasa duk lokacin da ya shiga layin unguwarsu da damina. Yara sun ƙaru, but ya daina ɗauke kayan tafiya, sai abokai su ce masa ya nemi ƙaramar jif, RAV4 ko CR-V, ko kuwa Tucson da Sportage na ƙasar Koriya. Shawarar ba ta da laifi. Inda ake samun matsala shi ne bayan motar ta shigo gida, domin da yawanmu da zarar mun ga mota ta ɗaga daga ƙasa sai mu ɗauka ƙanwar Hilux ce, mu yi ta labta mata abin da ba a ƙera ta dominsa ba.

A bar ganin tsayinta, ƙaramar jif ƙaramar mota ce da aka ɗaga. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, kuma a kan ƙirar Civic aka gina CR-V ɗin farko. Ba ta da ƙashin baya na ƙarfe irin na Hilux ko Land Cruiser, jikinta ne yake ɗauke da kansa kamar na sauran ƙananan motoci. Injin 2.4 da ke cikin RAV4 ta 2006 zuwa 2008 irin na Camry ne, na CR-V kuma dangin na Accord ne. Wannan yana da amfaninsa, don kayan gyaransu ba sa wahalar samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuma bakanikenka ya san su. Amma yana nufin ƙarfin ɗaukarta bai wuce na ƙaramar mota da wani abin kirki ba.

Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar take rufuwa a kansa. Akwai 'yar takarda manne a wurin wadda ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. A yawancin CR-V da ake kawowa daga Amurka za ka ga kilo 385, kuma wannan ya haɗa da mutane da kaya baki ɗaya, har da kai direba. To mu yi lissafi. A ce maigida kilo 80, uwargida 70, yara uku su haɗu su ba da 110, jakunkunan tufafi 40. An kai 300 tun ba a bar ƙofar gida ba. Saura 85. An je gida an yi salla, za a juyo, sai Baba ya sa a ɗauko buhun masara mai kilo 100, Inna ta ƙaro jarkar man gyaɗa, ga wani ƙane da za a rage wa hanya zuwa makaranta. Babu wanda zai iya cewa a'a, kuma motar za ta tashi lafiya lau, shi ya sa ake zaton ba komai. Sai dai bayanta ya zauna, gabanta ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kama ƙasa, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, tayoyin baya kuma suna ta ɗaukar zafi. In da hali a ba direban tasha buhun ya biyo da shi, kuɗin da za a biya bai kai na taya ɗaya ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ɗaure kaya a kan rufi. Ƙarafan saman yawancin waɗannan motoci ba su wuce ɗaukar kilo 75 ba, kuma ko ba a kai hakan ba, duk abin da aka ɗora a sama yana ƙara wa motar son karkata. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasan but, a tura su su jingina da bayan kujera. A sama sai irin su katifa da tabarmi.

Kujerun ma biyar ne, bel biyar. In iyalinka sun kai bakwai ko takwas, ko kuwa gida biyu gare ka kuma tare ake tafiya biki, kada ka yaudari kanka, Sienna ce motarka. Akwai wasu RAV4 na 2006 zuwa 2012 masu ƙarin kujeru biyu a baya, amma sai ƙananan yara, kuma in an buɗe su wurin kaya ya tafi.

Tsayin da muke so a jif shi ne kuma rauninta. Nauyinta yana sama fiye da na Corolla, saboda haka in aka fizgi sitiyari cikin gudu takan kwanta gefe, kuma ta fi saurin yin adungure. Yawancin kifewar mota ba haka kawai take faruwa a tsakiyar kwalta ba. Direba ne zai kauce wa rami ko akuya, ko ya yi gyangyaɗi, tayoyin dama su sauka daga bakin kwalta, ya firgita ya fizgo ta da ƙarfi, taya ta daki gefen kwaltar, shi ke nan. In hakan ta same ka, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, bar motar ta ci gaba a gefen har gudu ya ragu sosai, sannan ka dawo da ita a hankali. Haka ma in taya ta fashe. Ƙafa za ta so ta danne birki, hana ta. Riƙe motar ta miƙe, gudun ya mutu da kansa, sai daga baya ka taɓa birki sannu-sannu. Dokar hanya a Nijeriya ta ba motar gida kilomita 100 a awa a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Na san ana dariyar mai bin wannan a hanyar Kaduna zuwa Zariya, amma jif mai cike da iyali da kaya ba ta da abin da za ta nema a 140.

Maganar taya ita ce na fi so a tsaya a kanta, domin a nan aka fi yin sakaci. Takardar nan ta jikin ƙofa ta faɗi iskar da ta dace, galibi tsakanin 30 da 33. Masu faci da yawa kan ɗura 45 ko 50, su buga taya da ƙarfe su ce ta yi. Lambar da suke gani a jikin taya iyakar abin da za ta iya jurewa ce, ba abin da motarka take so ba. Iska in ta yi yawa sai tsakiyar tayar kaɗai ya riƙa taɓa ƙasa, mota ta yi ta tsalle, birki ya ragu. In ta yi kaɗan kuma gefen tayar ya yi ta lanƙwasa yana zafi har ta fashe, musamman a kwaltar watan Afrilu. Sayi ma'aunin iska naka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin tayoyin su yi zafi, har da safaya.

Sannan ka koyi karanta shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, don haka zanen taya mai kyau ba shaida ba ne. Tayar da ta haura shekara shida ba ta doguwar tafiya da yara ba ce. Tayoyin gwanjo kuwa, da yawansu na ƙasashen sanyi ne, za ka ga hoton tsauni da ƙanƙara a jikinsu. An yi su da roba mai laushi don dusar ƙanƙara, zafinmu yana cinye su nan da nan. In kuɗin sababbi biyu kaɗai gare ka, a baya za a sa su, ko da mai faci ya ce gaba. Motar da bayanta ya zame ta fi wuyar kamawa.

Akwai na'urar da ke taimakon direba in mota ta fara zamewa, takan kama birkin taya ɗaya ita kaɗai don ta daidaita motar. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012, amma RAV4 da CR-V sun samu tun kafin nan. A mota mai tsayi wannan na'ura ta fi allon talabijin da kujerun fata daraja nesa ba kusa ba. Abin takaici, sau da yawa a mace take, an cire ƙwan fitilarta don kada mai saye ya gani. Gwajin ba wuya: murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, fitilun ABS da VSC da na jakar iska su kama duka, su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi ko bayan inji ya tashi. Wadda ta ƙi mutuwa tana da matsala, wadda ba ta kama ba sam an rufe mata baki.

Uwargida, wannan taki ce. Riƙe jariri a cinya a kujerar gaba haɗari ne babba. A karo, hannun uwa ba ya iya riƙe yaro komai ƙarfinta, jakar iska kuma takan fito da ƙarfin da zai iya kashe shi. Yaran da ba su kai shekara 12 ba baya ne wurinsu, kowa da bel ɗinsa, ƙanana a kujerar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara tana rage mutuwar jarirai a haɗari da har kashi 71 cikin ɗari. A gefen ƙofofin baya akwai ɗan maɓalli da ke hana buɗe su daga ciki, a kunna shi. Kada a zaunar da yara a but tare da kaya, kada kuma a bar yaro a rufaffiyar mota ko da za a shiga kanti a fito ne. Wani abin da ba a cika faɗa ba: bayan jif yana da tsayi, yaro ɗan shekara biyu da ke tsaye a bayanta ba ya fitowa a madubi. Kafin ka yi ribas a tsakar gida, zagaya motar da ƙafarka, ka tabbatar wani babba yana riƙe da ƙananan. Sai a 2018 Amurka ta wajabta kyamarar baya, don haka tsofaffin da muke saye da yawa ba su da ita, amma sa ta ba tsada.

Game da mai jan ƙafa huɗu, wadda ake rubuta wa AWD ko 4WD a baya, ra'ayina shi ne mazaunin gari ba ya bukatarta. Da ƙafafun gaba take tafiya kusan kullum, sai sun zame na baya suke shigowa. Tana taimako a yashi da taɓon hanyar ƙauye, amma ta fi shan mai, tana son tayoyi huɗu iri ɗaya, kuma akwatin giyar baya yana da nasa mai. Na CR-V ba ya karɓar kowane iri sai na Honda, in ya tsufa za ka ji gurnani a baya lokacin shan kwana. Ruwa kuwa ba ruwansa da ƙafa huɗu. Tazarar cikinta da ƙasa wajen santimita 20 ce kawai, kuma ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya tafiya da ita. In ya shiga inji ta hanyar iska, sai dai a nemi wani injin.

Sai mai. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar jif mai injin 2.4 takan sha lita 9 zuwa 12 a kilomita 100, inda Corolla ke shan 7 zuwa 9. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan bambanci ya zama abin da ake ji a aljihu kowane mako, don haka ka lissafa zirga-zirgar kai yara makaranta kafin ka saya. RAV4 mai injin V6 tana da daɗin tuƙi, amma ban ga abin da mai iyali zai yi da ita ba.

Wajen kula da ita, abubuwa kaɗan ne ke kashe waɗannan motoci a hannunmu. Bakin mai, bi abin da aka rubuta a murfin inji ko littafin motar, kada a zuba mai kauri don kawai an saba. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 an san wasunsu da shan bakin mai, mai ita ya riƙa zaro sandar awo duk mako. Man giya kowace da nata, kuma giyar CVT irin ta Nissan Rogue ba ta yafe kuskure. Kada ka yarda a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai motar Turai ce ba ta san zafi ba, injin zai daina kaiwa zafin da yake aiki daidai, ya ƙara shan mai. Lagireto ruwansa na musamman yake so, ruwan rijiya tsatsa yake haifarwa. Da hunturu kuma a riƙa duba matatar iska, ƙura tana toshe ta da wuri.

Ranar saye, tafi da bakanikenka, kada ka dogara da na dillali, kuma a sa mata kwamfuta. Lambar jikin mota mai harufa da lambobi 17 tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Da ita ake bincika tarihin motocin Amurka a intanet, a ga ko ta yi mummunan haɗari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Ɗaga kafet ka sunsuna, zaro bel har ƙarshe ka nemi alamar laka, leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. A duba indomin da ke jikin salansa yana nan ko an fafe shi. A ƙarshe ka kai takardun kwastan ofishinsu a tantance maka su, kuma kada kuɗi su bar hannunka sai lambar da ke takarda ta zo daidai da wadda ke jikin motar.