Idan Yaro Yana Juya Haruffa

Malam ya ce a rubuta "buka", yaro ya rubuta "duka". An ce "bawa", ya rubuta "dawa". A littafin lissafi kuma lamba 3 ta juya baya, 7 ta kalli inda bai kamata ba. Iyaye da yawa idan suka ga haka hankalinsu yakan tashi. Wani uban ya ce wasa ne ya yi wa yaron yawa, ya ɗauko bulala. Wata uwar ta ce ko dai ƙwaƙwalwarsa ce ta samu matsala.

Ku kwantar da hankalinku. Juya harafi abu ne da yara masu yawa ke yi lokacin da suka fara riƙe fensir, kuma akasarinsu sukan daina da kansu wajen shekara 7 ko 8.

Ga dalilin. Tun yaro yana goye yake koyon gane abubuwa. Buta ko bakinta ya kalli gabas ko ya kalli yamma, buta ce, sunanta ba ya sauyawa. Haka ƙwaƙwalwa ta saba, kuma wannan sabo yana da amfani ƙwarai. Sai ga shi an kai yaro aji an ce masa wannan sanda mai ciki a dama b ce, idan cikin ya koma hagu ta zama d. A wurinsa abu ɗaya ne aka juya. Sai ya ɗauki lokaci kafin idonsa da hannunsa su yarda cewa a rubutu, inda harafi ya fuskanta yana da muhimmanci. Yaron Bahaushe ma aikinsa ya ɗan fi yawa, domin ban da b da d akwai ɓ da ɗ masu lanƙwasa a ka. Ga shi kuma a makarantar allo yana farawa daga dama, a boko yana farawa daga hagu. Wannan ba illa ba ce, kada a cire shi daga ko ɗaya.

Taimakon da za a yi masa ba ya cin ko kwabo. A zauna da shi a tsakar gida, a share rairayi, ya rubuta harafin da yatsa, babba, yana faɗin sautinsa da ƙarfi. Idan b ce, a fara daga sama, a ja sanda zuwa ƙasa, sannan a yi mata ciki. Idan d ce, a fara da cikin, kamar za a rubuta a, sannan a hau sama a sauko. Tunda mafarinsu ya bambanta, hannu zai riƙe abin da ido yake mantawa. A tsaya kan b ita kaɗai har ta zauna masa kafin a taɓa d. Kaɗan kullum ya fi zama mai tsawo sau ɗaya a mako.

Amma akwai yaran da wahalarsu ta wuce wannan. Likitoci suna kiran larurar disleksiya, kuma an daɗe da saninta. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro mai shekara 14, mai kaifin basira, wanda ba a barinsa a baya a wasa ko a magana, amma karatu ya gagare shi. A da an ɗauka irin waɗannan yara haruffa suke gani a juye. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa tushen matsalar yana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da haɗa kowane sauti da harafinsa.

Saboda haka kunne za ku sa, fiye da ido. Ku ce wa yaron "gida", ku tambaye shi da wane sauti ta fara. Ku ce ya raba "makaranta" gaɓa-gaɓa yana tafi: ma-ka-ran-ta. Ku tambaye shi ko "tuwo" da "kiwo" ƙarshensu ɗaya ne. Yaro mai wannan larura yakan sha wuya a nan. Yakan koyi harafi yau, gobe ya zama kamar bai taɓa ganinsa ba. Yakan yi karatu a hankali yana cankar kalmomi, ya rubuta kalma ɗaya iri biyu a shafi ɗaya. Amma idan aka karanta masa labari, sai ya maimaita shi tsaf. Sau da yawa kuma za a tarar akwai wani a dangi da ya yi fama da irin wannan, domin larurar tana bin jini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan da ake laƙaba wa irin wannan yaro: daƙiƙi, malalaci. Ba haka ba ne. Sau da yawa ya fi 'yan ajinsu wahala a kan shafi ɗaya. Duka da gori ba sa ƙara masa ko harafi guda, sai dai su sa ya tsani makaranta, ya fara fakewa da ciwon ciki kowace safiya.

Idan yaro ya wuce shekara 8, yana zuwa makaranta ba fashi, ana koyar da shi yadda ya kamata, amma waɗannan alamu suna nan, to a tashi tsaye. A fara kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya ganin allo sosai ko ba ya jin malam shi ma zai koma baya. Idan duka lafiya lau, a je wurin malamin ajinsu da littafin yaron a hannu. A roƙi a zaunar da shi a gaba, a ƙara masa lokaci, kada a tilasta masa karatu a gaban aji ana yi masa dariya, a kuma koya masa sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya, ana maimaitawa. Babu ƙwaya ko allurar da ke kawar da disleksiya, amma da irin wannan koyarwa yaran suna iya karatu, kuma wanda aka fara taimaka wa da wuri ya fi saurin kamawa.